Dumsor (ɗauke wuta a Ghana) ya cinye min lissafin kwana biyu, yaya zan riƙa ajiye sakamako?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibin injiniya ne daga Aboabo nan Kumasi. Na rubuta furogiram da Python da ke kwaikwayon yadda zafi ke yaɗuwa a farantin ƙarfe, kwana biyu yana aiki a laftof sai aka ɗauke wuta batir ya mutu, komai ya tafi. Na sake yi na ajiye a CSV (fayil ɗin da ke jera lambobi a matsayin rubutu), yanzu kuma Excel ya ƙi buɗe shi duka. Don Allah mafita.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu, wallahi abin da ciwo. Kuskuren farko shi ne jiran sai lissafi ya ƙare kafin ka ajiye, duk abin da ke cikin RAM, ma'ajiyar kwamfuta ta wucin gadi, da wuta ta tafi ya tafi kenan. Ka sa furogiram ɗin ya riƙa zubar da sakamako a faifai duk bayan taku 100 ko 500 na lissafin, kowanne da fayil ɗinsa da lambar takun a sunan, ta yadda in dumsor ya sake zuwa sai ka ɗora daga na ƙarshe ba daga farko ba.

Shi kuma Excel layi 1,048,576 ne iyakarsa, sauran yanke su yake yi. Ni dai ban so CSV a irin wannan aikin, don duba, faranti mai ɗigo 1000 sau 1000 lamba miliyan ɗaya ce, kowacce bayit 8, wato MB 8 a taku guda, amma in np.savetxt (np shi ne NumPy, kayan lissafi na Python) ya mayar da su rubutu sai su kumbura kusan ninki uku ga jinkirin karantawa. Yi amfani da np.savez ka ajiye, np.load ka dawo da su daidai yadda suke ba ko ɗigon da zai ɓace. In aikin ya girma ka koma HDF5, tsarin fayil na manyan bayanai, ta h5py na Python, daɗinsa kana iya ciro taku na 300 kaɗai ba sai ka loda fayil ɗin gaba ɗaya ba, amma ka riƙa rufe shi bayan kowane rubutu, in wuta ta tafi yana buɗe zai iya lalacewa.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma yana damuna sosai, shi ne saitin. Girman taku, tazarar ɗigo, zafin farko, Kelvin ne ko Celsius, duk ka cusa su cikin fayil ɗin, don bayan wata uku malaminka zai tambaya kai kanka ba za ka tuna ba.

In za ka kwafa a filash ka duba, filash mai tsarin fomat na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai GB 4, sai ka mayar da shi tsarin exFAT, amma kwashe kayanka tukuna don fomat yana share komai.