Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya ko kukanta rashin imani ne

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki tun jiya. Kin ce wata takwas ke nan da rasuwar maigidanki, kowa na cewa ki karɓi ƙaddara, ke kuma hawaye sun ƙi tsayawa, har kina tsoron ko imaninki ne ya yi rauni. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta. Bari in ba ki nawa labarin.

Ranar Laraba, 3 ga Yuni 2015, na aiki ƙanena daga unguwar Nima ya karɓo mini kaya a Kaneshie, duk a cikin birnin Accra. A hanyar dawowa ruwan sama mai ƙarfi ya tare shi a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, ya fake a gidan mai tare da jama'a, wuta ta tashi. Mutum sama da 150 suka rasu a daren, yana cikinsu. Ƙasa ta yi makokin kwana uku, ni kuwa nawa ya kai shekara biyu.

A bakina babu abin da ban faɗa ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce haƙuri sai ma'aiki, Allah Ya fi mu son shi. Amma da dare magana ɗaya ce ke cin raina: ni na aike shi. Da na bari sai gari ya waye. Da na je da kaina. In trotro, wato motar haya, zai bi ta Circle, sauka nake yi in nemi wata hanya. In an tambaye ni shi, sai in ce ba ya nan, don bakina ya kasa furta cewa ya rasu. Kayansa ma na hana a taɓa.

Mahaifiyarmu ce ta zaunar da ni wata rana bayan sallar asuba. Ta ce, “Ke kika aike shi, amma ba ke kika rubuta ranarsa ba. Na rasa ɗaya, kar ki sa in rasa biyu.” Tsohuwar da ta haife shi ce fa take lallashina. Ranar na gane cewa ban karɓi komai ba, kokawa nake yi da abin da ya riga ya wuce. Annabi (SAW) ya hana mu wannan “da na yi kaza”, ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa, ya koya mana mu ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so Ya aikata. Na san hadisin tun ina makaranta, amma sai a lokacin ya shige ni.

Bayan mako biyu na je Circle, na tsaya daga tsallaken titi, ƙafata na rawa, na kira sunansa, na ce ya rasu a nan, na yi masa addu'a. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, amma daren nan na yi barci. Daga baya muka raba kayansa sadaka.

Shi ya sa nake ce miki kuka daban, ƙin yarda daban. Annabi ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Annabi Yakubu ma idanunsa fari suka yi don baƙin cikin Yusuf. Wa zai ce imaninsu ya gaza? Ni har yau in hadari ya haɗu a watan Yuni gabana faɗuwa yake yi, sai dai yanzu ina iya ba 'ya'yana labarin kawunsu har mu yi dariya.

Ki duba zuciyarki, wace “da na” ce ke hana ki barci? Ki faɗe ta a fili ga wanda zai saurare ki ba tare da ya katse ki da wa'azi ba. In kuma abinci ya gagara, barci ya ƙaurace, ko kina jin gara ki bi shi, don Allah ki je asibiti, akwai masu kula da wannan a asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na Pantang da na Adabraka. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki yi mini magana, zan raka ki.