Filawud a bayan balalaika?

Wai me zai hana mu yanko filawud mu rufe bayan balalaika, abin kiɗan Rashawa mai tsirkiya uku, a yini ɗaya, tunda kusurwa uku ce, maimakon zaman lanƙwasa falle bakwai na katako. Kai yaro, akwati kake son yi ko abin kiɗa? Ku 'yan yanzu komai sai ku nemo masa yanke.

Da can ma haka aka raina ta. Kayan manoman ƙauye ce da 'yan kama masu yawo gari-gari. A 1648 Sarki Alaksai na Rasha ya sa a tattara kayan kiɗan 'yan kaman a ƙona. Farkon shigar sunanta takarda ma, a 1688, ƙarar masu gadi ce a Mosko, an kama mutum biyu suna kaɗa ta suna zaginsu. Sai da wani makaɗi, Basili Andireyef, ya tsaya mata, ya fito da ita gaban manya a Sanfitasbag a 1888, daga baya ya samu Samiyon Nalimof ya gyara mata jiki. Nalimof ɗin nan kafinta ne, ka ji? Kamar ni. Wannan bayan mai ƙusumbi shi ke turo amo gaba. Filawud cike yake da gam, shanye murya yake yi.

Da zan baro Leningirad, wato Sanfitasbag ta yanzu, bayan karatu, falankin fuska guda ɗaya tak na taho da shi, itacen da Rashawa ke kira yel, naɗe cikin bargona. Shekara da shekaru ina ajiyarsa. Wata huɗu na yi ina aikin balalaikar, sai wani mai otal ya gani ya nace. Ya ba ni rabin kuɗi, na ce masa, Alhaji, don Allah kada ta yini a mota. A watan Maris ya kulle ta a but ya shiga ɗaurin aure har la'asar. Gam ɗin fata ne, na dafawa. Zafi ya sake shi, tsirkiya na ja, fallayen suka buɗe kamar ɓawon ayaba. Ya dawo yana kumfar baki wai aikina ne na banza, cikon kuɗina kuwa har yau. Bai tsaya nan ba. Ya kai wa wani mai haɗa kujeru, ya ɓamɓare bayan ya buga mata filawud da ƙusa. Da ƙusa! Tana nan rataye, in an taɓa ta sai ka ce gwangwanin madara, kuma duk wanda ya tambaya sunana ake faɗa masa.

Ɗaura tsirkiya ba zan ɓata bakina ba. Biyu murya ɗaya, ta ukun ta ɗara su, wannan ko ɗan goye ya sani.

Tashi ka hura wuta, falle na uku bai lanƙwasu ba. In ka ƙona shi, a kuɗin abincinka.