Teburin wp_options ya lalace, MySQL kuma yana yawan mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Shafina na WordPress yana kan sabar haya mai RAM 1GB. MySQL, manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan shafin, yana yawan mutuwa, yau kuma ya fito da saƙon cewa teburin wp_options, inda WordPress ke ajiye saitunansa, ya lalace. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fara da gyara tukuna. Tsayar da MySQL, ka kwafe jakar /var/lib/mysql, inda yake ajiye bayanansa, ɗungurungum zuwa wani wuri. Gyara yakan zubar da layukan da ya kasa karantawa, in babu kwafi sun tafi ke nan.

Sai ka binciko abin da ke kashe shi. Buga df -h ka gani ko faifan ya cika, domin rubutun da ya yanke a tsakiya yana lalata tebur. Amma da RAM 1GB, abin da ya fi yawa shi ne Linux da kansa yake kashe MySQL idan ƙwaƙwalwa, wato RAM, ta ƙare. Buga dmesg, mai nuna saƙonnin Linux; in haka ne za ka ga inda ya rubuta ya kashe mysqld, wato MySQL ɗin. Duk lokacin da aka kashe shi yana cikin rubutu, teburin MyISAM (tsohon tsarin ajiyar tebur a MySQL) na iya lalacewa, don ba shi da kundin da zai koma ya daidaita kansa.

Saƙon da ka gani galibi na teburin MyISAM ne, ko takwaransa Aria a MariaDB, wani reshe na MySQL. Kunna MySQL, ka ba da umarnin REPAIR TABLE wp_options. In ya ƙi, kuma teburin na MyISAM ne, tsayar da MySQL ka yi amfani da myisamchk -r a kan fayil ɗin wp_options.MYI. Kada ka taɓa yin wannan MySQL na kunne, ɓarnar ƙaruwa za ta yi.

Idan akwai teburin InnoDB (wani tsarin ajiyar tebur dabam da MyISAM) da ya hana MySQL tashi gaba ɗaya, REPAIR ba ya aiki a kansa. Saka innodb_force_recovery=1 a my.cnf, fayil ɗin saitunan MySQL, in bai tashi ba ka ƙara zuwa 2, sannan 3. Daga 4 zuwa 6 bayanai na iya lalacewa har abada, kada ka hau can sai da kwafi a hannu. Da ya tashi, kwashe komai da mysqldump, umarnin fitar da kwafin bayanai, cire layin innodb_force_recovery ɗin, ka zuba bayanan a sabon rumbu. Wasu kan ce a goge ibdata1, babban fayil ɗin InnoDB. Wannan shawara ce mai kashe shafi, ka guje ta.

Bayan gyara, mayar da teburan zuwa InnoDB da ALTER TABLE wp_options ENGINE=InnoDB; shi ne tsarin da MySQL ke zaɓa da kansa tun MySQL 5.5, kuma yana farfaɗowa da kansa bayan mutuwar bazata. Ƙara swap na 2GB (wurin faifai da ke agaza wa RAM), ka rage pm.max_children, iyakar ayyukan da PHP ke gudanarwa lokaci guda, don kada ya cinye RAM. Sa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya riƙa ɗaukar kwafi da mysqldump --single-transaction kowane dare zuwa wata na'ura dabam, lokaci-lokaci kuma ka zuba kwafin a rumbun gwaji ka tabbatar yana buɗewa.