Amsoshin Tambayoyinku: Kifin Ado Mai Takobi

Mace ɗaya na saya, babu namiji a tankin, sai kawai na wayi gari da 'ya'yan kifi. Abin ya tsorata ni. (Uwargida, Zariya)

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wani abin tsoro ba ne. Wannan kifi, da masana ke kira Xiphophorus hellerii, haihuwa yake yi, ba ya saka ƙwai. Macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, ta riƙa haihuwa kusan duk bayan mako 4. Da cikinta kika sayo ta. Ki raba ƙananan da ita ko ki zuba ciyawar ruwa su samu maɓoya, don uwar tana cinye su.

Mai shago ya ce jan shi ne na asali, ya ƙara min kuɗi. (Malam, Kaduna)

Ya yi maka wayo. Na asalin, wanda ke kogunan Meziko, Guatemala, Belize da Honduras, kore-kore ne da jan layi a gefe. Jajayen da suka cika shaguna yawanci an samo su ne ta hanyar barbara da wani kifin ado danginsa mai suna platy. Idan jan ya burge ka, saya, amma kada ka biya kuɗin "asali".

Zan saya wa yarona guda shida a 'yar kwalbar nan mai zagaye. (Mahaifi, Kano)

Alhaji, don Allah kada ka yi. Wannan kwalba ita ta fi komai kashe kifin ado da kuɗin mutane. Macen tana kai santimita 16, kifi ne mai yawan zirga-zirga, kuma yana tsalle. Tankin lita 80 zuwa 100 yake buƙata, mai murfi da matatar ruwa. Mutane sai su fara sayen kifi, su zuba masa ruwan famfo mai sinadarin kulorin, yara su yi ta watsa abinci har ruwan ya yi wari, kafin sati ya zagayo an kwashe gawa, a koma shago a sake saye. Mai shago kuwa ba zai hana ka ba.

Ka yi lissafin wuta ma. Idan an ɗauke ta kwana biyu, wa zai kunna matata? Ga hunturu: kifin yana son ɗumin ruwa digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Celsius, daren Janairu a Kano kuwa ka san yadda yake. Maza kuma faɗa suke, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku ya isa. In suka yi maka yawa, ka kyautar, kada ka juye a kududdufi ko rafi. Ta irin haka ya bazu a kogunan Ostireliya da Afirka ta Kudu yana takura wa kifayen asalin wuraren. Idan kuɗin tanki bai samu ba, a jira tukuna.

Takobin yana yanka? (Ɗalibi, Maraɗi)

Haba ɗana! Tsawon jela ne kawai, namiji ke jan hankalin mace da shi.