Muryar Anti kan albashin da baya kai ƙarshen wata

Assalamu alaikum 'yan uwa, kuyi haƙuri muryar nan zata ɗan yi tsawo, hannuna a jiƙe yake bazan iya rubutu ba.

Ƙanwata naga tambayarki tun jiya da daddare, kince albashin maigida da ɗan abinda kike samu basa kaiku ashirin ga wata, wai a baki tsarin tanadi, kuma naga har mutum uku sun turo miki wannan 50/30/20 ɗin. Toh ni dai yadda na fahimceki ba tsari kike nema ba, baki san inda kuɗin ke zirarewa bane, kuma kina jin nauyin faɗa a gaban mutane. Ba abin kunya bane wallahi, dukkanmu mun shiga wannan halin.

Shi 50/30/20 ɗin nan ba ƙarya bane fa. Elizabeth Warren, sanatar nan ta Amurka, ita da 'yarta suka yaɗa shi a littafin da suka fitar a 2005, a raba kuɗin da ke shigowa, kashi 50 abinda ya zama dole, 30 abin sha'awa, 20 tanadi da biyan bashi. Amma kinga an yanka shi ne daidai gidan da rabin kuɗinsa ke isar haya da cefane da wuta da makaranta. Ke in haya da cefane kaɗai sun cinye miki 80, ina zaki samo 30 na sha'awa? Kuma wannan ba sakacinki bane, tun 1857 wani Bajamushe Ernst Engel ya duba lissafin gidajen ma'aikata na Beljiyam ya gano cewa iya ƙanƙantar samun gida iya girman kason da abinci ke ɗauka. Saboda haka ku daina turo ma yarinya abinda zai ƙara mata damuwa don Allah.

Abinda zakiyi, ki samu ƙaramin littafi da biro, kwana 30 duk abinda ya fita daga hannunki ko hannunsa ki rubuta, komai ƙanƙantarsa, kuma a ranar, kar kice sai gobe don wallahi mantawa zakiyi. Nawa mai jan bango ne, yana cikin durowar kicin kusa da ashana, har maiƙo ya taɓa gefensa. Da wata ya cika na zauna bayan yara sunyi barci na dinga zagaye abubuwa da jan biro, data dake sabunta kanta ban sani ba, kuɗin mota na fita sau uku a sati siyo abu ɗaya ɗaya, ɗan cajin da ake cira duk tura kuɗi, abincin da na dafa yayi yawa ya kwana aka zubar. Kowanne shi kaɗai ba komai bane, da na haɗa sai da na ajiye biron na riƙe kai.

Amma babban ramin, wayar nan ce. Ni har yau abin yana min ciwo. Na shiga wani waje da ake bada waya a biya kaɗan kaɗan, yaron yana murmushi yace Anti kashi 5 ne kawai a sama, nace toh 5 ai ba yawa, na sa hannu ban karanta takardar ba. Ashe 5 ɗin duk wata ne, ba a shekara ba. Ku lissafa da kanku, in kuɗin wayar 100 ne, 5 sau 12 ya zama 60, kenan 160 zan biya. Kuma abinda yafi ƙona min rai, ko bayan na biya rabi, kuɗin ruwan akan 100 ɗin farko suke ci gaba da lissafa shi, ba akan ragowar da ake bina ba, kinga in aka bi gaskiyar lissafi ruwan ya kusa ninka wanda aka faɗa min. Na koma nace ai ba haka mukayi ba, ya ɗauko takarda ya nuna min wani layi can ƙasa da rubutu kamar ƙafar tururuwa, yace ga sa hannunki Anti. Wata ɗaya na makara da kwana huɗu suka ɗora tara. Sannan a wata na bakwai, a'a na takwas ne, lokacin ƙaramin ɗana yana koyon tafiya, ya jefa ta ƙasa gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, na ci gaba da biyan kuɗin wayar da sai na karkata ta nake iya karanta saƙo. Wata huɗu cur. Kuma tsohuwar wayata lafiyarta ƙalau fa, batir kawai take so, na bayar da ita kyauta. Ni ba wai ina cewa yaron ya cuceni ba, toh ya dai ɓoye min, don ya san da yace duk wata ne da ban karɓa ba, ya sani sarai.

Ina ma na tsaya. Yauwa, bashi. In kuna da bashi mai ruwa, musamman na manhajojin nan na waya, shi zaku fara kashewa kafin wani tanadi, ku fara da wanda ruwansa yafi yawa. Wanda ake ɗora ruwa akan ruwa, kashi 10 a wata in kika barshi shekara ya haura ninki uku, babu ajiyar da zata kamo wannan gudun.

Sai tanadi, ranar da kuɗi ya shigo ake cirewa, ba ragowar ƙarshen wata ba, don babu ragowa, ke ma shaida ce. Ana cewa a tara kuɗin hidimar gida na wata 3 zuwa 6 saboda lalura, kar wannan ya tsorata ki, fara da na sati ɗaya, ki sa shi inda hannu baya kaiwa da sauƙi. Haya da kuɗin makaranta kuwa ba lalura bane, kin san ranarsu tun bara, ki raba gida 12 ki dinga warewa duk wata.

Maganar siyan kaya da yawa lokaci ɗaya da wata ta kawo, eh yana sauƙi amma sai abinda baya lalacewa, kuma in kaya sunyi yawa a gida hannu yakan buɗe, ni dai, bari ma in bar wannan sai wani lokaci.

Shi kuma maigida kar ki tare shi da littafin ranar da ransa ke ɓace ko yana shigowa a gajiye, kuma ki fara nuna masa naki ɓarnar kafin nasa, zai fi sakin jiki ya faɗa miki abinda yake kashewa a waje. Ki fara rubutun yau ɗin nan ko wata ya raba, in kinyi sati ɗaya ki ɗauki hoton shafin ki turo min ni kaɗai, kar ki sa a nan, sai mu duba tare.