Wa ya jera duwatsun Riyom?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutanen zamanin da ne suka ɗora duwatsun Riyom, kusa da Jos a Jihar Filato, bisa juna, da kuma abin da ya sa kududdufai suka yi yawa a Bukuru. Na farkon babu hannun mutum a ciki, na biyun kuwa aikin ɗan Adam ne.

Dutsen da ya fi yawa a Jos shi ne giranit, wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi da suka wuce, kuma jikinsa duk tsaga ne. Ruwan sama yana bin tsagar nan yana ruɓar da gefen dutsen sannu a hankali, har kusurwoyinsa su mulmule. Da zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, sai mulmulallun duwatsun da suka rage su bayyana, wani bisa wani. Haka duwatsun Shere, kusa da Jos, ma suke.

Abin da ya fi burge ni, wannan ruɓewar ce ta saki kuza daga cikin dutsen, ruwa ya tara ta a tsakuwar rafuka. Shi ya sa kamfanonin Turawa, tun farkon shekarun 1900, suka bi kwaruruka suna haƙa. Ramukan da suka bari su ne kududdufan Bukuru, Rayfield da Barkin Ladi, ga tulin ƙasa a gefensu. Masu noman rani suna cin moriyar ruwan, amma zurfinsa yana cin rayuka. Don Allah a hana yara wanka a ciki.

In ka leƙa Panyam da Kerang kuma, can baƙin dutse ne na aman wuta, ƙasarsa ta fi albarkar noma.