Booth na fim da Booth na tarihi

Tambaya: Malam, na kalli Manhunt, fim ɗin da aka yi kan kisan Shugaban Amurka Abraham Lincoln. Shin haka John Wilkes Booth yake a zahiri, ko masu fim sun ƙara gishiri?

Amsa: Gishiri kam akwai, amma asalin labarin haka ya faru. Booth ya harbi Lincoln a ƙeya a daren 14 ga Afrilu 1865 a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke Washington, ya diro kan dandamali, ya tsere a kan doki. Lincoln ya cika washegari da safe. Bayan kwana 12 sojoji suka ritsa da Booth a wani rumbun taba a jihar Virginia, suka cinna wa rumbun wuta, wani soja mai suna Boston Corbett ya harbe shi a wuya. Booth ya mutu yana da shekara 26.

Inda nake da ja da masu fim shi ne dalilin kisan. Sun fi son nuna shi a matsayin mayen suna wanda ɗaukakar yayansa Edwin ta hana shi barci. Girman kai dai yana da shi, ba musu. Sai dai shi ma tauraro ne da ake cika gidan wasa don kallonsa, yana samun kuɗi sosai. A gidan Ford ɗan gida ne, har wasiƙunsa a can yake karɓa, shi ya sa babu wanda ya tare shi a ƙofa. Ya kuma san wasan da ake yi a daren, don haka ya jira inda 'yan kallo ke kecewa da dariya kafin ya ɗana kunamar bindiga.

Abin da ya tunzura shi aƙida ce: goyon bayan jihohin Kudu da suka ɓalle a yaƙin basasar Amurka, da bautar da baƙar fata. Da farko sace Lincoln shi da abokan makircinsa suka shirya yi. Ranar 11 ga Afrilu yana cikin taron da shugaban ya goyi bayan bai wa wasu baƙaƙen fata damar jefa ƙuri'a, kwana uku bayan haka ya aikata kisan. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A wannan daren Lewis Powell ya daddaɓa wa Sakataren Harkokin Waje William Seward wuƙa amma Seward ya rayu, shi kuwa George Atzerodt da aka tura wa Mataimakin Shugaba Andrew Johnson sai ya tsorata ya ɓige da shan giya. An rataye mutum huɗu a watan Yuli, ciki har da Mary Surratt, mai gidan haya da masu makircin ke haɗuwa a cikinsa, wadda fim ɗin The Conspirator na 2010 ya bi shari'arta.

Ƙarin gishirin Manhunt ya fi yawa a kan Edwin Stanton, Sakataren Yaƙi. An mai da shi ɗan sandan ciki mai bin sawu da ƙafarsa, alhali daga Washington ya jagoranci farautar ta hanyar umarni da wayar tangaraho. Ko dogon gemunsa da kowane hotonsa ke nunawa sun aske masa.